Hawan Keke a Turbobin Bayan Garin Katsina: Kayan Aiki da Shawarwari ga Sabon Shiga

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a Katsina. Ma'aikata da 'yan kasuwa da suka saye shi don zuwa ofis ko shago sun fara fita da shi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ranakun hutu, suna bin burtali da hanyoyin burji domin motsa jiki. Sai dai turbar gona ba kwalta ba ce, kuma tana da nata sharuɗɗa.

Keken da aka ƙera domin irin wannan hanya ya samo asali ne daga Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda ake gangaro duwatsu da shi. A kewayen Katsina kuwa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Abokan gabar mahayi su ne yashi da ƙaya. Saboda haka taya ita ce abin dubawa na farko. A zaɓi mai faɗi, mai manyan haƙora, domin siririyar taya irin ta tsohon Raleigh nutsewa take yi cikin rairayi. Rage iska kaɗan yana ƙara mata riƙo, amma idan aka rage da yawa, dutse ɗaya ya isa ya fasa tub.

Ƙaya kuwa, musamman tsidau da ƙayar bagaruwa, ba a kauce mata, shiri kawai ake yi. Mai faci ba ya zama a bakin gona. Duk mai fita ya riƙe famfo ƙarami, tub na ajiya, gam da faci, da sifana daidai da notocin kekensa, ya kuma koyi cire taya a tsakar gida kafin rana ta koya masa a daji. Bayan cire tub, a shafa cikin tayar a hankali a zare ƙayar. Wanda ya manta da wannan zai yi faci sau biyu.

Hular kwano wajibi ce, ko da abokai za su yi dariya. A daidaita sirdi ta yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. A cikin yashi a sauko zuwa giya mai sauƙi, a ci gaba da tuƙi, kada a damƙe birkin gaba, domin nan ne yawancin sababbi ke shan ƙasa. Babbar riga da wando mai faɗin ƙafa kan shiga kaca.

A bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40, fita bayan sallar asuba da dawowa kafin hantsi ya dubi ludayi shi ne daidai, tare da ruwa aƙalla lita biyu da ɗan dabino. Ƙurar hunturu tana cin kaca, don haka a goge ta a sa mata mai bayan kowace fita. Da damina kada a tsallaka kwazazzabon da ruwa ke gudu a cikinsa.

Batun tsaro ya fi duk waɗannan nauyi. Yankunan Jibiya da Batsari sun sha fama da 'yan bindiga, kuma halin hanya kan sauya cikin mako guda. A tambayi mutanen yankin kafin a nufi kowace turba, a fita mutum biyu ko uku, a shaida wa iyali hanyar da za a bi da lokacin dawowa, waya kuma ta kasance cike da caji.