Wasan golf a ƙasar rairayi

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, ba a daɗe ba suka share fili domin golf, wasan da ya girma cikin ɗanyar ciyawar Sikotilan. Ƙasar Hausa kuwa ba ta da irin wannan ciyawa da rani. Sai suka cuɗa yashi da baƙin mai, suka daɓe kewayen kowane rami. Dole ɗan wasa ya koyi lissafi da iskar hunturu, da hazo mai ɓoye tuta, da busasshiyar ƙasa mai gudu da ƙwallo, kuma a nan daɗin wasan yake. A filin Rio Bravo, kusa da Yamai, har guntun tabarmar roba ɗan wasa kan riƙe, ya aza ƙwallo bisansa kafin ya buga.

Dubai ta bi wata hanya. A 1988 ta shimfiɗa ciyawa bisa hamada, tana shayar da ita da ruwan teku da aka tace. Ido ya samu hutu, babu shakka. Amma manomin Gazawa, wanda ya san tsawon igiyar gugarsa, zai fara tambayar kuɗin ruwan. Baƙon da ya biya domin ganin hamada kuwa, daga bayan shinge yake hango ta.