Tarihin Waƙar Gili ta Turawan Ingila

'Yan'uwa, a wannan fitowa za mu leƙa Ingila, mu ga wata irin waƙa da Turawan can ke kira gili. Waƙa ce ta baki zalla, ba ganga ba garaya. Maza uku, huɗu ko biyar ke yin ta, kowa da irin muryarsa: wannan siririya, wancan matsakaiciya, wani kuma kakkaura. Kowace murya mutum ɗaya ke riƙe da ita, don haka in ɗaya bai zo ba, to waƙa ta gurgunce ke nan.

Ƙungiyoyi ne suka raine ta. A 1761 manyan mutanen Landan suka kafa Catch Club, inda sukan haɗu su ci abinci, sannan su yi waƙa. Daga 1763 suka fara ba da lambar yabo ga wanda waƙarsa ta fi tsaruwa. Gwarzon fagen shi ne Samuel Webbe, wanda aka haifa a 1740, ya mutu a 1816. Da fari yaron kafinta ne. Da aka kafa wata ƙungiyar, Glee Club, a 1787, waƙarsa mai suna Glorious Apollo ta zama mabuɗin kowane zamansu.

Daga baya zamani ya juya. Manyan ƙungiyoyin mawaƙa maza da mata suka cika gari, Glee Club kuwa ta watse a 1857. Sunan dai ya tsallaka Amurka, inda ɗaliban jami'ar Harvard suka kafa tasu a 1858. Tana nan har yau, amma galibin waƙoƙinta ba gili ba ne.

Mu mazauna nesa da gida mun san wannan sarai: al'ada takan ɗore ne muddin masu ita suna haɗuwa. Allah Ya ƙara mana zumunci, amin.