Labarin Ciki a Tambayi Kwata

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin ciki fa, wa za a tambaya? Wannan tambaya ta zo mini ne wata safiya ina tafe a Titin Ibrahim Taiwo, titin da aka sa wa sunan Kanar ɗin da ya mulki Jihar Kwara, wanda aka kashe rana ɗaya da Janar Murtala a 1976. Da na ratsa ta cikin Fagge sai na tarar da wasu ma'aikata sanye da safar hannu suna ɗibar ruwan kwata suna ɗurawa a jarka. Yara na ta yi musu dariya. Ni kuwa ban yi ba, domin yayata ta gurgunce da shan-inna tun tana goye.

A zamanin Turawa, aikin sa ido kan lafiyar gari na duba-gari ne. Kakata takan ba mu labarin yadda yake shiga gida ya leƙa randa, ya leƙa masai, in ya ga ƙazanta a ci maigida tara. Idonsa da hancinsa su ne kayan awonsa. Amma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi mummunar ɓarna a 1971. A 1995 zuwa 1996 ta kama mutum 5,600 a Kano, 340 suka riga mu gidan gaskiya. Sai da gadajen asibiti suka cika sannan aka san an shiga uku.

A ƙasashen waje kuwa, masana sun daɗe suna neman hanyar jin labarin ciki ba tare da an tsaga shi ba. A 1957 aka ƙera wata 'yar ƙwaya a Suwidin, wadda ake haɗiya ta riƙa aiko da saƙo ta rediyo daga cikin hanji. A 2001 Amurka ta amince da ƙwaya mai ɗauke da kyamara. A 2018 masana a birnin Melbon na Ostireliya suka bayyana gwajin wata mai auna iskar da ƙwayoyin halittar hanji ke fitarwa. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai kowace ƙwaya cikin mutum ɗaya take gani, shi ma sai mai hali.

To, ga abin da ya faru a nan gida. Ƙwayar shan-inna a hanji take hayayyafa, ta fita ta bayan gida. Cikin yara kamar 200 da suka kamu, da ƙyar ɗaya ke gurguncewa, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. Saboda haka jiran ganin gurgu tamkar jiran gobara ta ci rufi ne kafin a nemi guga. A 2011 aka fara auna ruwan kwata a Nijeriya, kuma a Kano aka fara, inda Gogau ta Fagge da Jakara suke cikin wuraren farko. Akan ɗebi ruwan, a sa shi cikin sanyi, a kai ɗakin bincike a Ibadan. In an ga ƙwayar, sai masu ɗigon rigakafi su bi unguwa gida gida. Wato jarka ɗaya ta ba da labarin cikin dubban mutane. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta gurgunta a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Ya kai mai karatu, darasin da na ɗauka shi ne awo ba ya warkar da kowa. Duba-gari ya yi tasiri ne don akwai hukunci bayan ganinsa, jarkar Gogau kuma don akwai rigakafi bayan sakamakonta. Ruwan da ke gangarawa Jakara daga Fagge da Sabon Gari yana iya tona asirin kwalara da taifot kamar yadda ya tona na shan-inna, in har akwai mai tambaya, akwai kuma mai gyara famfo da masai bayan an ji amsa. Da an fara tambayar kwata da wuri, da wataƙila yau yayata da ƙafarta take zuwa Kantin Kwari.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.