Zafin Ƙirji da Haki Yayin Motsa Jiki Bayan Barin Taba: Nazarin Musabbabi

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa wanda ya bar taba sigari yakan ji zafi ko takura a ƙirji idan ya fara motsa jiki. Ta dogara ne da binciken da aka wallafa kan aikin huhu. Matsayarta ita ce, galibin wannan takura ɓarnar taba ce da motsa jiki ya tono, kuma lokacin da take zuwa shi ke nuna asalinta.

Gabatarwa

Ƙorafin sananne ne: mutum ya yar da kara, ya fara sassarfa da safe, sai tari ya ƙaru, ƙirji ya riƙa suka. Wasu daga nan suke yanke hukuncin cewa barin tabar ne ya jawo, su koma gidan jiya. Sai dai naman huhu kansa kusan ba ya jin ciwo. Abin da ake kira "ciwon huhu" yakan fito ne daga hanyoyin iska, ko tantanin da ya shimfiɗe cikin ƙirji, ko tsokokin haƙarƙari.

Abin da ke dawowa da wanda ba ya dawowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin awa 12 da barin taba, gubar kabon monoksaid da ke jini takan sauka daidai. Tari da sarƙewar numfashi kuwa sukan ɗauki wata 1 zuwa 9 kafin su lafa. A tsakanin nan ne 'yan gasun da ke share hanyoyin iska, waɗanda hayaƙi ya kassara, suke farfaɗowa su fara turo majinar da ta taru. Shi ya sa kaki kan ƙaru a makonnin farko.

Sai dai sharar hanya daban, gyaran gini daban. A 1977 Fletcher da Peto suka wallafa bincikensu kan ma'aikata maza a Landan, inda suka auna yawan iskar da mutum ke fesarwa a daƙiƙar farko. Sun gano cewa barin taba ba ya maido da ƙarfin da ya riga ya tafi, yana dai rage saurin zubewarsa. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 5,887 masu alamun toshewar hanyoyin iska ya ƙarfafa haka: waɗanda suka bari sun samu ƙarin kimanin mililita 47 a shekarar farko, sannan suka riƙa asarar 31 a shekara, masu ci gaba da sha kuma 62. Ribar ta tabbata, amma ba ta kai a ce huhu ya koma sabo ba.

Me ya sa sai a motsa jiki?

A zaune, baligi yana shaƙar iska kimanin lita 6 a minti. A gudu mai tsanani takan haura 100, kuma mafi yawanta ta baki take shiga, ba ta bi ta hanci ta ɗumama ta jiƙe ba. Busasshiyar iska tana tsotse danshin hanyoyin numfashi, su kuma su tsuke, musamman idan da ma hayaƙi ya bar su a kumbure. Alamar wannan tsukewa ita ce ta fi tsanani mintuna 5 zuwa 15 bayan an tsaya, tare da tari ko fito a ƙirji. Ana tabbatar da ita idan awon numfashi ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Mai gudun asuba a Kano ko Damagaram cikin hunturu ya haɗa duka uku: sanyi, bushewa da ƙura.

Akwai kuma raunin jiki. Mai barin taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, ga tsokoki da suka daɗe ba su wahala ba. Irin wannan haki yana zuwa lokacin aikin, ya wuce da hutawa, ya kuma ragu mako bayan mako.

Dalili na uku shi ne abin tsoro. Nauyi a tsakiyar ƙirji da ke zuwa da hawan bene, ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, ya fi kama da ƙarancin jini a zuciya. Tsohon mashayin taba bai kamata a sallame shi da cewa "huhu ne ke wankewa" ba, domin taba ta ɓata jijiyoyin zuciya kamar yadda ta ɓata huhu.

Shawara

Takurar da ke raguwa a hankali tana buƙatar ɗumama jiki kafin gudu, farawa da tafiya, da kauce wa ƙurar safiya. Wadda ta tsaya cik bayan wata uku, ko take ƙaruwa, tana buƙatar awon numfashi da hoton ƙirji. Tarin da ya wuce mako biyu tare da zazzaɓi, rama ko gumin dare, a gwada shi don tarin fuka. Jini a kaki, suma, ko nauyin ƙirji kuwa, a dakatar da motsa jikin a ga likita a ranar.