Matrix: Mahaifar da Ta Koma Jadawali

Ɗalibin lissafi ya san matrix a matsayin lambobi da aka jera sahu-sahu a tsakanin baka biyu, kuma da wuya ya tambayi dalilin sunan. Kalmar ta Latin ce, tushenta mater, wato uwa. Romawa sun fara kiran macen dabba da aka ware don haihuwa da ita, daga baya ta koma nufin mahaifa, kuma da wannan ma'anar ta shiga Ingilishi. Ra'ayina shi ne ma'anar haihuwar ba ta taɓa barin kalmar ba, lulluɓe ta kawai aka yi.

Masu ɗab'i tun zamanin Gutenberg suna kiran ɗan guntun tagulla mai ramin harafi matrix, domin a cikinsa ake zuba narkakkiyar dalma harafi ya fito. Masana duwatsu ma haka suke kiran dutsen da ma'adini ke kwance a jikinsa. Ko lambar matrik da ɗaliban jami'o'in Najeriya ke haddacewa jikar wannan kalma ce, ta hanyar matricula, wato ƙaramar rajista.

Lissafi ne ya fi rikita mutane. A 1850 James Joseph Sylvester, masani ɗan Ingila, ya zaɓi sunan da gangan: a ganinsa jadawalin lambobin mahaifa ce, domin idan aka cire wasu layuka daga cikinsa, ƙananan jadawalai ake samu masu ba da ƙima tasu. Abokinsa Arthur Cayley ya shimfiɗa ƙa'idojin tarawa da ninkawa a 1858, daga nan hankali ya koma kan tsarin jerin, aka manta da uwar. Fim ɗin The Matrix na 1999 ya dawo da ita ba zato, inda aka nuna mutane kwance cikin ruwa kamar 'yan tayi.

Larabawa da suka zo fassara sun ce masfufa, daga saff, inda muka samo kalmarmu sahu. Sun kama siffar, sun saki asalin. Bahaushe kuwa da ke cewa uwar kuɗi, yana nufin jarin da ke haifar da riba, ya fi kusa da tunanin Sylvester, kuma malamin da zai koyar da wannan darasi da Hausa zai iya farawa daga nan.