Daga Leipzig zuwa Aro: Yadda Masana Suka Rabu Kan Hankalin Mutum

A shekarar 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, wanda ake ɗauka shi ne na farko da aka keɓe wa ilimin halayyar ɗan Adam. Zamanin kuwa na masana sinadarai ne, don shekara goma kacal kafin nan Mendeleev ya jera sinadaran duniya a jadawali guda. Ba mamaki da wasu suka ce, to shi ma hankali me zai hana a warware shi filla-filla, a gano ƙananan abubuwan da suka haɗu suka yi shi? Wanda ya fi kowa riƙe wannan ra'ayi shi ne ɗalibin Wundt, Edward Titchener, da ya koma Jami'ar Cornell a Amurka a 1892. Yakan horar da mutum ya kalli tuffa amma kada ya ce ya ga tuffa, sai dai ya faɗi launi da haske da tsawon lokacin da abin ya ɗauka a ransa. Da haka ya lissafa ƙwayoyin gani da ji sama da 44,000.

Tun kafin a gama wannan ƙidaya wani ya riga ya hango inda gizo ke saƙa. A 1890 Christian von Ehrenfels, ɗan ƙasar Ostiriya, ya kawo misalin karin waƙa. In mai goge ya ɗaga sautinsa gaba ɗaya, kowane amo da zai fito ya sauya, amma mai sauraro zai gane waƙar nan take. Ke nan abin da kunne ya riƙe ba ɗaiɗaikun amon ba ne, tsarin da ke tsakaninsu ne. Wannan tsari Jamusawa ke kira Gestalt.

Max Wertheimer, wanda ya taɓa zama a ajin Ehrenfels, shi ya kai maganar ɗakin gwaji. A Frankfurt ya riƙa haska wa mutum layi ɗaya, ya ɗauke, sannan ya haska wani a gefensa. In tazarar lokacin ta yi tsawo, mutum na ganin layi biyu, ɗaya bayan ɗaya. In ta yi gajarta ainun, sai ya ga biyun tare. Amma a tsakiya, wajen kashi 60 cikin dubu na daƙiƙa, sai ya ga layi guda yana tafiya daga nan zuwa can, alhali babu abin da ya motsa. Duk yadda ka tsittsinke hasken farko da na biyu ba za ka sami motsi a cikinsu ba. An buga sakamakon a 1912, kuma matasa biyun da aka yi gwajin a kansu, Wolfgang Köhler da Kurt Koffka, su suka zama abokan tafiyarsa har ƙarshen rayuwa.

A Amurka kuwa an nufi wata hanya dabam. A 1913 John Watson ya ce a bar batun abin da ke cikin zuciya, a auna abin da ido ke gani: me ya taɓa halitta, me ta yi. Edward Thorndike ya riga ya sa kyanwa a akwati a 1898, ya ga tana ta yaƙushi barkatai har ta dace da abin buɗe ƙofa, ya ce koyo ke nan, gwaji da kuskure. Köhler bai gamsu ba. Ya ce an ɓoye wa kyanwar yadda ƙofar ke aiki, to da me za ta yi tunani? A tsibirin Tenerife, inda ya zauna daga 1913 zuwa 1920, ya ajiye ayaba a wajen kejin wani gwaggon biri mai suna Sultan, ya ba shi sandunan gora biyu, kowace ta gaza kaiwa. Sultan ya yi ta fama, har da tura sanda ɗaya da ɗaya, ya gaji ya haƙura. Can yana wasa da su sai ya zura siririyar cikin bakin mai kaurin, nan da nan ya nufi ƙarfen keji ya jawo ayabar. A ganin Köhler, birin ya ga lamarin ne a dunƙule, sanda da nisa da abinci, lokaci guda.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan tarihi shi ne, ba hujja kaɗai ta raba gardamar ba. Hitler ya hau mulki a 1933, aka fara korar Yahudawa daga jami'o'i. Wertheimer ya tsere zuwa New York a shekarar. Köhler ba Bayahude ba ne, amma ya fito fili ya soki korar a jarida, aka matsa wa cibiyarsa ta Berlin lamba har ya tafi Amurka a 1935. Koffka dama yana Kwalejin Smith ta Amurka tun 1927. Sun sauka a ƙasar da ra'ayin Watson ya riga ya yi saiwa, a makarantun da ba su da manyan ɗakunan gwaji ko ɗaliban digirin ƙoli masu yawa. Koffka ya rasu a 1941, Wertheimer a 1943.

Amma a yi adalci, su ma sun wuce gona da iri a wani wurin. Köhler ya yi da'awar cewa wani irin filin lantarki ne ke mamaye ƙwaƙwalwa ya samar da siffar da muke gani. A 1951 Karl Lashley da abokansa suka sa siraran zinariya a ƙwaƙwalwar birai don su rikita wannan fili, ganin birai bai taɓu ba. Sai kuma David Hubel da Torsten Wiesel suka gano a 1959 cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa amsawa sai layi ya karkata ta wata fuska, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1981. Wannan babbar nasara ce ga masu warwarewa, kuma ta cancanta. Sai dai yadda waɗannan ƙwayoyi ke haɗa layi da launi da motsi su zama fuskar mahaifiyarka, har yau ana kan bincikensa.

A asibiti ne taƙaddamar ta fi shafar talaka. A 1952 likitoci a Faris suka fara amfani da maganin chlorpromazine, aka ga masu taɓin hankali da aka fid da rai da su suna natsuwa, sai zaton cewa cutar duk sinadarin ƙwaƙwalwa ce ya ƙara ƙarfi. Shekara biyu bayan haka, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya tsara wani abu da na ga ya fi kusa da gaskiya. Bai ƙi magani ba, yana bayarwa a asibiti da rana. Amma majinyaci yana kwana ne a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, tare da wani ɗan uwansa da ya rako shi, yana zuwa kasuwa, yana cin abincin da ya saba, har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin. Ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a 1973.

A 1977 George Engel ya rubuta a mujallar Science cewa dole likita ya duba jiki da tunani da zamantakewar mara lafiya tare. A 1980 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na uku na littafinta na gano cututtuka, wanda ya karkasa kowace cuta zuwa jerin alamomi da za a ƙirga. Ana koyar da duka hanyoyin biyu a makarantun likitanci, amma likitan da layin majinyata ke jiransa a bakin ƙofa, jerin alamomin ya fi saurin kai hannu gare shi.