Gazawar Gano Adireshin Shafuka a Ƙananan Rautoci Masu Katangar Tsaro: Nazari daga Hanwa, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata matsala da ke addabar shagunan kwamfuta da gidajen hayar ɗalibai a unguwar Hanwa: rauta na kunne, fitilunta na ci, akwai data a layi, amma shafi ya ƙi buɗuwa. An yi nazarin ƙa'idojin tsarin DNS da yadda manhajojin ƙananan rautoci ke aiki da su. Maƙalar ta nuna cewa sau tari matsalar na cikin akwatin da ke rataye a bango, kuma yawan ɗauke wuta na da hannu a ciki ta hanyar da ba a cika lura da ita ba.

Gabatarwa

Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. Idan ɗalibi ya rubuta abu.edu.ng ko jamb.gov.ng, sai na'urar ta fara tambayo adireshin IP na wannan suna kafin ta je ko'ina. Tsarin da ke amsa tambayar shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, aka kuma daidaita shi a takardun RFC 1034 da 1035 a 1987. A ƙaramin shago, rauta ce ke karɓar tambayar ta ƙofa mai lamba 53, ta miƙa ta ga sabar da ke gaba, ta dawo da amsa.

Hanwa na cike da ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, kuma lokacin rajista mutane kan yi layi a shagunan cike fom. Da shafi ya tsaya, abin da ake ji shi ne "babu sabis". Sai a kashe rauta a kunna, a zare layi a sa wani, kwastoma ya gaji ya tafi. Wannan asara ce ta haƙiƙa ga mai ƙaramin jari, alhali gano bakin zaren ba ya buƙatar sayen komai.

Rarrabe matsalar

Gwajin farko shi ne a aika ping zuwa 8.8.8.8, sabar Google da aka buɗe a 2009, sannan a aika zuwa wani suna. Idan lamba ta amsa, suna ya ƙi, to hanyar intanet lafiya lau take, matsalar ta DNS ce. Daga nan sai nslookup ko dig: a tambayi rauta, a kuma tambayi wata sabar waje, kamar 1.1.1.1, kai tsaye. Irin amsar da aka samu ita ce shaida. NXDOMAIN na nufin babu wannan suna. REFUSED na nufin sabar ta ji amma ta ƙi, wanda kan faru idan an sauya layi alhali an bar adireshin sabar tsohon kamfani a cikin rauta. SERVFAIL na nufin ta yi ƙoƙari ta kasa. Shiru kuwa, yawanci aikin katanga ne.

Katangar tsaro

A RouterOS na MikroTik, dokar abin da ke wucewa ta rauta daban take da dokar abin da ke shigowa wurin ita kanta rautar. Mai gyara kan buɗe ta farko ya manta da ta biyu, sai tambayar kwamfutocin shago ta mutu a bakin ƙofa. Akwai kuma zaɓin allow-remote-requests, wanda in ba a kunna shi ba rauta ba za ta amsa wa kowa ba. Amma kunna shi ba tare da toshe ƙofa ta 53 daga ɓangaren intanet ba ganganci ne, domin ɓata-gari za su mayar da rautar makamin kai hari kan wasu, su kuma cinye datar mai ita.

Wani kuskuren shi ne barin UDP kaɗai. Asalin ƙa'ida ta iyakance amsar UDP ga bayit 512, ƙarin EDNS na 1999 ya faɗaɗa ta, a 2020 kuma masana suka ba da shawarar tsayawa a 1232. Amsar da ta wuce iyaka, ta TCP ake sake nemanta. Idan an toshe TCP, wasu shafuka su buɗe wasu su ƙi, abin da ya fi rikita mai shago.

Agogo da wuta

Nan ne, a ganin wannan nazari, yanayin Hanwa ya fi shigowa. Galibin ƙananan rautoci ba su da batirin riƙe agogo. Da an ɗauke wuta, ko an sauya daga wutar gwamnati zuwa janareta, sai su farka da lokacin da ba daidai ba, wasu har su koma 1970. Idan an kunna DNSSEC, tsarin tantance amsoshin DNS ta hanyar sa hannu, kamar yadda ake yi da Unbound a pfSense ko dnsmasq a OpenWrt, kowane sa hannu na da ranar farawa da ranar ƙarewa. Rautar da agogonta ya karkace za ta ɗauki sahihin sa hannu a matsayin na bogi, ta mayar da SERVFAIL. Don gyara agogon tana buƙatar sabar NTP, wadda aka rubuta da suna, kamar pool.ntp.org, kuma sunan ba zai ganu ba sai agogo ya daidaita. Ya zama kamar wanda ya kulle makulli a cikin ɗaki. Masu dnsmasq sun san da wannan, shi ya sa suka tanadi zaɓin dnssec-no-timecheck, mai jinkirta duba lokaci har agogo ya dawo daidai. Inda wuta ke tsayawa, wannan kan faru jefi-jefi. Inda ake ɗauke ta sau da dama a yini, kowace ɗaukewa dama ce ta sake faruwarsa. Kashewa da kunnawa, maganin da kowa ke rugawa gare shi, sake jefa agogon yake yi cikin rikici.

Wani lokacin kuma matsalar daga nesa take. A ranar 4 ga Oktoban 2021 sabobin DNS na Facebook sun ɓace daga intanet na kusan awa shida, har da WhatsApp, kuma babu abin da mai rauta a Zariya zai iya yi. Shi ya sa ake gwada suna fiye da ɗaya.

Shawarwari

Masu haɗa rauta a Hanwa su rubuta aƙalla sabar NTP ɗaya da lambarta, su buɗe ƙofa ta 53 ga UDP da TCP daga cikin gida kawai, su sa sabobin DNS biyu na kamfanoni daban-daban. Mai shago kuma ya haɗa rautarsa da ƙaramin batiri ko inbata, sannan idan shafi ya tsaya bayan an dawo da wuta, ya duba kwanan watan da rautar ke nunawa kafin ya zare layi.